Rumbu ko Furosesa: Wanne Za a Fara Canjawa Idan Kwamfuta Ta Yi Nauyi?

Wata ƙanwata da ke shekarar ƙarshe a jami'a ta kawo mini kwamfutarta ranar wata Asabar, ta ɗora a kan tabarma, ta danna maɓallin kunnawa, ta ce, "Yaya, don Allah zauna ka gani da idonka." Muka zauna. 'Yan ɗigogin nan suka yi ta zagaye a fuskar kwamfutar, har aka kawo mana ruwa muka sha ba ta gama tashi ba. Da ta tashi, sai da muka ƙara wani jiran kafin fayil ɗin furojet ɗinta ya buɗe, kuma tana taɓa shi kibiyar ta koma zobe. Ta ce ƙawayenta sun riga sun gaya mata maganin: tata Core i5 ce, a cire a sa mata i7, magana ta ƙare. Laftof ce ta gwanjo, ƙirar 2012, kuma ɗan kuɗin da ta tara ba zai wuce gyara ɗaya ba. Ba a tauna taura biyu.

Muka je wurin masu gyara, sai muka tarar da muhawarar tana jiranmu a can. Mai shagon ya kara kunnensa a jikin kwamfutar, ya saurari ƙas-ƙas ɗin da ke fitowa daga ciki, ya ce, "Malama, ki ƙyale furosesan nan, ba shi da laifi. Had dis ɗin za a cire a sa SSD, za ki rantse sabuwa kika saya." Maƙwabcinsa, wanda yawancin masu zuwa wurinsa masu haɗa bidiyo ne, ya leƙo ya ce, "Maigida, a gaya mata gaskiya dai. Tsohon inji tsohon inji ne. Ko rumbun zinariya ka sa masa, ƙarfinsa yana nan yadda yake." Dukansu biyu sun san aikinsu, kuma babu wanda ya faɗi ƙarya a cikinsu. Abin da ya sa na ga ya dace a baje maganar ke nan, domin a Farm Centre da titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, kullum sai wani ɗalibi ko mai shagon buga takardu ya tsaya a wannan mararraba da guntun kuɗinsa a hannu.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar rikicin ita ce a tuna gidan niƙa. Furosesa shi ne injin, shi ke yin duk wani lissafi. RAM ita ce filin da ke gaban injin, inda ake jere kwanukan da za a zuba yanzu-yanzu. Had dis kuwa, ko SSD, shi ne rumbun da hatsin yake zaune, ko an kashe wuta yana nan. Idan yaro ɗaya ne ke zirga-zirga tsakanin rumbu da inji da ƙaramin ƙoƙo, injin zai yi ta kuka a banza yana jiran hatsi, kuma ko an sayo wanda ya ninka shi girma garin da ke fita ba zai ƙaru ba. Idan kuma buhuna ne jibge a bakin injin, layi ya miƙe har waje, to aika yara goma rumbu ba zai rage layin ba. Tambayar duka ita ce: a kwamfutarka, wa ke jiran wa?

Masu goyon bayan rumbu suna fara hujjarsu ne daga yadda aka ƙera had dis. A cikinsa akwai faifai na gaske da ke juyawa, da wani siririn hannu mai kai da komo a samansa yana karanta abin da aka rubuta da maganaɗisu. Na yawancin laftof yana juyawa sau 5,400 a minti, wato sau 90 a daƙiƙa, na kwamfutar tebur kuma sau 7,200. Ga ido wannan gudu ne mai ban mamaki. Amma duk lokacin da aka nemi wani guntun bayani, sai hannun ya tashi daga inda yake ya koma layin da bayanin yake, sannan ya jira faifan ya juyo da wurin ƙarƙashinsa. Wannan kan ci wajen kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa, wani lokaci fiye. A cikin wannan ɗan ƙiftawar ido, furosesa mai gudun gigahaz 2.5 ya buga sau miliyan 25, kuma idan aikin da ke gabansa ya dogara da wancan bayanin, duk a zaune ya yi su. Tashin Windows da buɗe manhaja kuwa ba karatun dogon fayil ɗaya ba ne, tsintar dubban ƙananan fayiloli ne da ke warwatse ko'ina a kan faifan. Had dis ba ya wuce tsinta ɗari ko makamancin haka a daƙiƙa. SSD, da yake babu abin da ke motsi a cikinsa, yana yin dubun-dubata.

Nan ne mutane da yawa ke kuskuren auna bambancin. Sukan duba lambar da ke jikin kwali, su ga had dis yana kwafar kamar megabait 100 a daƙiƙa, SSD na yau da kullum kuma 500 da ɗoriya, sai su ce ai ninki biyar ne kawai. Ninki biyar ɗin na kwafar babban fim ne daga wuri zuwa wuri. A tsintar ƙananan abubuwa, wadda ita ce rayuwar kwamfuta daga safe zuwa dare, tazarar ta haura ninki ɗari. Shi ya sa ko tsohuwar na'urar da hanyar rumbunta ba ta wuce megabait 300 a daƙiƙa takan farfaɗo idan aka sa mata SSD. Abin da aka cire mata shi ne jira.

Tarihi ma yana bayansu. A 1956 kamfanin IBM ya fito da had dis na farko, faifai 50 masu faɗin inci 24 kowanne, yana ɗaukar haruffa miliyan 5, yana juyawa sau 1,200 a minti. A 1992 Seagate ya kai gudun zuwa 7,200, kuma har yau a nan had dis ɗin kwamfutar tebur yake tsaye. Wurin ajiya ya ƙaru fiye da yadda hankali zai ɗauka, amma juyin faifan kwamfutar tebur ninki shida kacal ya yi, saboda ƙarfe da mota suna da iyakar da ba sa ƙetarewa. A ɗaya gefen, furosesan Intel na farko, 4004, ya fito a 1971 da taransisto 2,300 da gudun kilohaz 740. Na yau suna ɗauke da biliyoyin taransisto, kuma bugunsu kaɗai ya ninka wancan sau dubbai. Don haka laftof ɗin 2012 mai had dis tamkar doki ne da aka ɗaure shi da jaki a amalanke ɗaya. Mai shi ya ga tafiya ba ta sauri, sai ya ɗora laifin a kan abin da sunansa ke rubuce a sitika. An bar jaki ana dukan taiki.

Akwai wani lissafi da injiniyan kwamfuta Gene Amdahl ya bayyana a 1967, wanda ya shahara da sunansa, kuma ma'anarsa a taƙaice ita ce gyaran da ka yi wa sashe ɗaya na aiki ba zai amfane ka fiye da rabon lokacin da sashen yake ci ba. Mu ƙaddara, don misali kawai, buɗe wata manhaja yana cin daƙiƙa 60, 45 daga ciki jiran rumbu ne, 15 lissafi. Ka ninka ƙarfin furosesa, 15 ta koma 7 da rabi, jimilla 52 da rabi. Da kyar za ka lura. Ka bar furosesan yadda yake ka rage jiran rumbu zuwa kashi ɗaya cikin goma, jimilla ta dawo ƙasa da 20. Wannan shi ne abin da mai shagon yake nufi da "za ki rantse sabuwa kika saya."

Sai kuma abin da ya shafi yadda muke riƙe kwamfuta a nan. Laftof ɗinmu tana shiga adaidaita sahu, tana hawa acaɓa a jakar baya, ana ɗaga ta daga tebur tana kunne a miƙa wa wani ya duba. Hannun da ke karanta faifai yana shawagi ne a tazarar da ta fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba, girgiza ɗaya mai ƙarfi na iya sa ya gogi faifan, abin da ke wurin ya tafi. SSD bai san wannan fargabar ba. Ba ya ƙara, kuma yakan ɗan sassauta wa batir, abin da ba a raina shi a garin da wuta ke zuwa da tafiya.

To amma maƙwabcin mai shagon bai yi shiru ba, kuma bai kamata ya yi ba. Lissafin Amdahl ɗin nan wuƙa ce mai kaifi biyu. Ɗauki mai haɗa bidiyon biki, ko editan fim a Kannywood, da ya gama yanka da jera hotuna ya danna a fitar da aikin. Bidiyon da waya ke ɗauka, ko da mai 4K ne, bai cika kai megabait goma a daƙiƙa ba, abin da tsohon had dis ma zai kawo ba tare da gumi ba. Nauyin yana wurin warware kowane hoto, gyara launinsa, a sake matse shi. Idan fitar da aikin yana cin minti 60, 55 daga ciki lissafi ne, to ko SSD ya mayar da jiran rumbu sifili an tsira da minti 5 ne kawai. Furosesa mai ninkin ƙarfi kuwa zai dawo da shi kusan minti 33. Ga wanda ke da bukukuwa uku a mako kuma amarya tana bugo waya, wannan bambancin kuɗi ne. Haka abin yake ga mai zanen gini, da mai haɗa kiɗa da ke ɗora sauti a kan sauti, da mai wasan gem. SSD zai buɗe musu manhaja da wuri, daga nan ya koma gefe.

Hujjarsu ta biyu ta fi wannan zurfi. Tsohon furosesa ba rashin sauri kaɗai ke damunsa ba, akwai abubuwan da bai iya ba sam. Wayoyi da yawa yanzu suna ajiye bidiyo a tsarin HEVC, wanda iPhone ta koma kansa tun 2017. A jerin Core, sai daga zubi (wato jenareshon) na 6, na 2015, Intel ta sa cikakken sashe na musamman da ke warware wannan tsarin ba tare da wahalar da sauran furosesan ba. Wanda ya girmi haka dole ya yi aikin da ƙarfin tuwo, fanka ta yi ta ihu, hoto yana tsinkewa. Shafukan intanet ma sun yi nauyi, kowane shafi yau ƙaramar manhaja ce da ke gudana a cikin burauza, ga kiran bidiyo na Zoom da darussan YouTube. Babu rumbun da zai taimaka a nan. Akwai kuma ƙananan laftof masu araha da ke zuwa da furosesa marar ƙarfi tun daga masana'anta, irin wasu Celeron, waɗanda da ka buɗe shafi huɗu ko biyar sun cika. A irinsu injin ne ƙarami, ko hatsi ya zo a tirela.

Hujja ta uku ita ce ta fi ba ni tsoro, domin ba ta sauri ba ce, ta tsaro ce. Windows 11 ta fito a Oktoban 2021 da sharuɗɗa: a ɓangaren Intel sai zubi na 8 zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan, a ɓangaren AMD sai Ryzen 2000 zuwa sama, tare da guntun tsaro na TPM 2.0. Microsoft kuma ta sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa wa Windows 10 na kowa da kowa, sai ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya shiga shirin tsawaitawa. Kwamfutar da ba ta samun facin tsaro gida ce da ƙofarta ba ta rufuwa, kuma a cikinta mutane ke shiga asusun banki da imel. Masu wannan ra'ayi suna cewa, me ya sa za ka zuba kuɗi a na'urar da aka riga aka yanke wa wa'adi? Tara kuɗin, ƙara a kai, sayi mai sabon furosesa.

Ba su tsaya nan ba, sukan juyo kan SSD ɗin kansa. Kuɗin da zai saya maka had dis mai faɗi, SSD ƙarami zai ba ka, kuma mai tara finafinai da hotunan aiki zai ji matsi. Had dis idan zai mutu sau da yawa yakan yi gargaɗi, ya fara ƙara, ya fara tsaitsayawa, mai hankali ya kwashe kayansa. SSD na iya kwana lafiya ya wayi gari kwamfuta ba ta ganinsa, kuma ceto bayanai daga cikinsa ya fi wuya da tsada. Ga jabu a kasuwa, wanda aka rubuta masa terabait ɗaya alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, sai ka cika shi sannan fayiloli su fara lalacewa. Waɗannan duk gaskiya ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsoron da ake yaɗawa cewa SSD yana saurin ƙarewa saboda yawan rubutu. Gaskiya ne ƙwayoyinsa suna da adadin rubutun da za su jure, amma a duba adadin. Samsung 870 EVO mai gigabait 500, misali, an ba shi garantin rubutun terabait 300. Wanda ke rubuta gigabait 20 kullum sai ya shekara kusan 40 kafin ya kai nan. Kwamfutar za ta riga shi tsufa.

Inda muhawarar ta karkata a wurina shi ne lokacin da aka bar tambayar wanne ya fi amfani aka koma ta wanne zai yiwu. Canja rumbu aikin sukundireba ne. A yawancin laftof ɗin gwanjo, murfi ɗaya za a kwance, a zare tsohon, a zura sabon mai inci 2.5, a zuba Windows ko a kwafe tsohuwar gaba ɗaya. Canja furosesa kuwa, a mafi yawan laftof ɗin da ke hannun mutane yau, ba ya yiwuwa. Daga zubi na 5 zuwa sama, Intel ta daina yin furosesan laftof mai zama a soket, duk liƙe suke da dalma a jikin babban allon da masu gyara ke kira bod. Tun a zubi na 4 ma sirarun laftof sun riga sun koma haka. Waɗanda ake iya cirewa su ne tsofaffin nan masu kauri, irin ThinkPad T420 da T430, da Latitude E6420 da E6430, da EliteBook 8460p da 8470p, na 2011 da 2012. Kuma su ɗin ma iyakarsu furosesan zamaninsu. Babu yadda za a yi laftof ɗin 2012 ta karɓi zubi na 8. Ke nan hujjar Windows 11, duk da ƙarfinta, ba hujjar canja furosesa ba ce ga mai laftof, hujjar sayen wata kwamfutar ce, kuma wannan kuɗi ne na daban da ba kowa ke da shi a yau ba.

Ko a waɗanda ake iya cirewar akwai tarko. Core i5 na laftof ɗin wancan zamani ƙwaya biyu gare shi, wato injinan lissafi biyu a cikinsa, an tsara shi a kan wat 35. Yawancin i7 masu ƙwaya huɗu wat 45 ne. Fanka da bututun tagullar da aka auna don 35 su za a ɗora wa 45, a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Furosesa idan ya doshi digiri 100 yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, sai ka ga wanda aka saya da tsada yana tafiyar wanda aka cire. Akwai masu ƙwaya huɗu na wat 35, irin i7-3632QM, amma samunsu sai an tona. Akwai kuma i7 na wancan zamani masu ƙwaya biyu, waɗanda tazararsu da i5 ba ta taka kara ta karya ba. Wanda bai san wannan ba zai biya kuɗin suna kawai, kuma garin neman gira yana iya rasa ido idan aka lanƙwasa ƙafafun furosesan ko aka fasa soket wurin sawa.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda muka mayar da sitika ma'aunin kwamfuta. Mutum ya shiga kasuwa, abin da ke bakinsa kawai "i7 nake so," ba ya tambayar jenareshon. Alhali a 2017, da zubi na 8 ya fito, Core i5-8250U na laftof ya zo da ƙwaya huɗu, yayin da Core i7-7500U na zubin da ya gabace shi ƙwaya biyu gare shi. A aikin da ke amfani da duk ƙwayoyin, ƙaramin sunan ya kayar da babban. Iyaye suna sayar da dabba ko su ci bashi don saya wa yaro kwamfutar karatu, ba daidai ba ne a bar su suna zaɓe da lamba ɗaya. Lambar farko bayan ɗan layin da ke cikin sunan furosesan, ko biyun farko daga zubi na 10 zuwa sama, ita ke nuna zubin, kuma koya wa mutum duba ta bai fi minti ɗaya ba.

A kwamfutar tebur labarin ya sauya, kuma nan ne masu goyon bayan furosesa suka fi ƙarfi. Furosesan tebur a soket yake zaune, ana ɗaga marfi a cire. Intel takan sauya soket bayan zubi biyu ko uku, don haka tsallen da za a iya yi gajere ne, amma daga i3 zuwa i7 na zubi ɗaya ma ba ƙaramin ci gaba ba ne ga mai haɗa bidiyo. AMD kuwa ta riƙe soket ɗinta na AM4 shekaru da dama. Wanda ya haɗa kwamfuta a 2017 da Ryzen 5 1600, a alluna da yawa yana iya sabunta BIOS ya ɗora Ryzen 5 5600 na 2022, ba tare da ya taɓa RAM ko allon ba. Ya samu ƙarfi na gaske, ya kuma shiga jerin da Windows 11 ta amince da su. A nan kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, ba ni da ja a kai. Sai dai ko shi, idan har Windows ɗinsa a kan faifai mai juyawa take zaune, zan ce ya fara da SSD, domin sabon furosesan ma jiran zai yi.

Abin daɗin shi ne ba sai an yi duba ba kafin a gane wa ke jiran wa. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, a bar shi a gefe a ci gaba da aikin da aka saba. Lokacin da kwamfutar ta cije, a duba. Idan layin rumbu ya kafe a 100 furosesa kuma yana ƙasa-ƙasa, an kama mai laifi. Idan furosesa ne a 100 rumbu yana hutawa, maƙwabcin mai shago ne da gaskiya. Sau da yawa kuma za a ga wani na uku da ba a gayyato shi muhawarar ba, wato RAM ta cika. Gigabait 4 ba ta isar burauza mai shafuka da yawa, kuma idan ta cika Windows takan riƙa kwashe rarar tana kai wa rumbu tana dawowa da ita, sai nauyin ya bayyana a kan rumbu alhali ƙarancin fili ne asalinsa. SSD yana rage zafin wannan, ƙarin RAM ne ke warkar da shi. Sai ƙura. Bayan hunturu biyu ko uku, abin da ake cirowa daga bakin fankar laftof kamar auduga yake, man da ke tsakanin furosesa da tagulla ya bushe ya zama ɓawo. Na'urar da ake ɗorawa a katifa ko kafet, ramukan iskarta a toshe, tana iya rasa wani kaso na ƙarfinta saboda zafi kawai. Kafin a yanke wa furosesa hukuncin tsufa, a wanke masa fanka a sa sabon mai, a ga abin da zai yi.

Ra'ayina, bayan na saurari ɓangarorin biyu, shi ne duk kwamfutar da har yanzu ke tashi daga faifai mai juyawa, SSD ne gyaranta na farko, ko mai ita ɗalibi ne, ko mai shagon buga takardu da CorelDRAW, ko ma editan bidiyo. Shi ne mafi araha, mafi ƙarancin haɗari, kuma amfaninsa yana bayyana a kowane dannawa. Sannan dukiya ce da ba ta mutuwa da kwamfutar: ranar da aka sayi wata, ana iya zare shi a mayar can, idan kuma sabuwar siririn nan na M.2 kaɗai take karɓa, a sa shi a ɗan akwati mai USB ya zama ma'ajiyar tafi-da-gidanka. Furosesan laftof ɗin 2012 kuwa babu inda zai bi ka. Amma da zarar an riga an sa SSD, maganar ta juya gaba ɗaya. Barin SSD na yau da kullum a koma NVMe mai megabait 3,500 a daƙiƙa ba ya kawo ko kusa da irin canjin farko, saboda jiran an riga an kashe shi. Daga nan duk nauyin da ya rage na furosesa ne ko na RAM, kuma wanda sana'arsa ta dogara da lissafi mai nauyi bai kamata ya ci gaba da lallaɓa tsohon inji ba.

Da muka buɗe Task Manager a kwamfutar ƙanwata a shagon, rumbu yana 100, furosesa bai kai 20 ba. Aka sa mata SSD mai gigabait 256, aka buɗe fanka aka kakkaɓe, aka sa sabon mai. Tsohon had dis ɗin aka sa shi a akwatin USB, na ce ta riƙa kwafe furojet ɗinta a ciki duk daren Juma'a, ta kuma tura wa kanta ta imel. Da aka kunna, kafin ta gama gyara zaman mayafinta kwamfutar ta tashi. Maƙwabcin ya zo ya duba, ya gyaɗa kai, sannan ya ce mata, "Ƙanwata, zai kai ki ki gama makaranta. Amma ki fara tari tun yanzu, kuma ranar da za ki sayi wata, kada ki karɓi ƙasa da zubi na 8." Ta rubuta a bayan littafinta. Canjin da ya rage a hannunta ta ce za ta ajiye, wata mai zuwa a ƙara mata RAM ta zama gigabait 8.